Rana a Cikin Akwati

Litinin, Laraba, Juma'a,
bas mai lamba hamsin da shida.
Ruwa na tsiyaya a jikin gilashi,
garin Hull bai farka ba, ni kuwa ban runtsa ba.
Daren jiya ma farcena ya yi noma,
ya yi huɗa a gwiwar hannu, ya yi kaftu a wuya.
Da asuba zanen gado duk dusa,
da ɗigon jini nan da can
kamar an murtsuke kuɗin cizo.

Kirci. Suna ƙarami, aiki ja.
Likitan farko ya duba, ya gyara tabarau, ya sake dubawa,
ya ce shi bai ga inda ya yi ja ba.
Na ce, likita, tawa fatar ba ta ja,
in ta yi fushi toka take yi,
ta yi kauri kamar bayan kada.
Littafinsa fatar Bature ya haddace.
Wata bakwai ina jiran takarda.

Yanzu ga ni a hawa na biyu, ƙofa ta huɗu,
Glenda ta riƙe katina tana tauna gindin biro.
"Shekarau, yau daƙiƙa arba'in da ɗaya."
Ba arba'in ba. Ba arba'in da biyu ba.
Hasken nan kamar kanwa yake a miya,
in ya zarce ya ɓata, in ya gaza an yi aikin banza.

Na tuɓe rigar sanyi, da ta ciki, da ta cikin ta ciki,
na ɗaura baƙin tabarau irin na masu walda,
na shiga akwatin a tsaye.
Dogayen fitilu sun kewaye ni sahu-sahu.
Ƙofa ta rufe. Fanka ta ɗauka.
Sai haske,
shuɗi-shuɗi, da ɗumi
irin na bakin tanderu bayan an kwashe gurasa.
Na ɗaga hannuwa kaɗan
kamar wanda ya fara kabbara bai ƙarasa ba.

A nan dariya ke kama ni.
Ni ɗan Funtuwa, da rana ta gasa a gonar auduga,
ni da nake gudunta zuwa gindin ɗorawa,
yau sai da kati nake ganinta,
sai an sa hannu, sai an ƙidaya mini.
An ce rana ba ta ƙarya.
To ga ta ƙarya, ta lantarki,
ita ce ke cika mini alkawari.

Inna ta kira ran Lahadi, murya na yankewa.
"Ka baro ta nan tana dukan kwanon ɗaki a banza,
ka je can ana auna maka da cokali?"
Ta ce za ta aiko da man kaɗanya da sabulun salo.
Na ce ki aiko, Inna.
Ban gaya mata safar hannu nake sa wa in kwanta ba,
kamar jinjiri,
don kada in yage kaina cikin barci.

Mako na uku, babu labari.
Na biyar, bayana ya yi raɗaɗi, aka rage daƙiƙa shida.
Na takwas,
na farka agogo na kuka, ban san lokacin da dare ya wuce ba.
Na yaye bargo, na shafa zane.
Fari tas. Na zauna bakin gado na daɗe.

Glenda ta ce kada in saki jiki,
yakan tafi ya dawo, baƙo ne da ya san hanya.
Na sani.

Amma ɗazu a bakin titin makaranta
Hansatu, da ta saba kama bakin rigata,
ta kama wuyan hannuna, fata da fata,
ba ta ko duba ba.
Tana ta labarin wata yarinya da ta ɓatar da takalmi.
Fitila ta ba mu hannu, muka tsallaka.
Sama kamar tsohon bargo, ruwa na shirin dawowa.
Gobe Laraba.
Daƙiƙa casa'in.